Daren da na zauna da "Jai Ho" ta Indiyanci da ta Turanci

Gardama ce ta jawo. Wata Asabar da yamma ƙanwata tana wanke-wanke, ta ɗora waya a kan taga tana jin "Jai Ho" ta Turanci, wadda 'yan matan Pussycat Dolls, wata ƙungiyar mawaƙa ta Amurka, suka rera. Na ce mata ta Indiyanci ce ta asali. Ta ce, "Haba Yaya, ai duk ɗaya ne, fassarawa kawai suka yi don wanda ba ya jin yaren." Ban musa ba, don ni ma haka na ɗauka. Shekara da shekaru ina bin amshin waƙar da baki, ban taɓa sanin me take cewa ba. Haka muka taso a Kano: mu hardace waƙar Indiya tsaf, ma'anar kuwa sai dai mu karanta a fuskar jarumi.

Da daddare na sauke su biyun a waya. Na kira wani abokina da ya yi karatu a Indiya, ya riƙa warware mini baitocin ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa a littafi.

Waƙar ta fito ne a fim ɗin Slumdog Millionaire na 2008, wanda Danny Boyle ya ba da umarni. A. R. Rahman ya tsara kiɗan, Gulzar ya rubuta baitocin, Sukhwinder Singh ya ja waƙar. Ba ta zuwa sai a ƙarshe, bayan Jamal, yaron unguwar talakawa a Mumbai, ya sha maraici da bara da duka, ya ci gasar kacici-kacici ta talabijin, ya kuma sake haɗuwa da Latika, yarinyar da yake so tun suna yara. A tashar jirgin ƙasa suke rawar, cikin taron jama'a. A 2009 fim ɗin ya lashe kyautar Oscar takwas, biyu daga ciki na Rahman ne, ɗaya daga cikin biyun saboda wannan waƙar ce shi da Gulzar. A shekarar aka fitar da ta Turanci, Nicole Scherzinger, jagorar Pussycat Dolls, ce a gaba.

Na fara da kiɗa zalla, ban kula da kalmomi ba. Gangar da ɗan zaƙin da ke buɗe waƙar duk suna nan a ɓangarorin biyu, shi ya sa kunne ke cewa abu ɗaya ne. Amma ta Indiyanci ta haura minti biyar, ta Turanci ba ta kai huɗu ba. An datse ta daidai da abin da gidajen rediyon Turai da Amurka ke so, an tura muryar mace ɗaya gaba, sauran suka koma baya. A ta asali muryoyi da yawa ne ke karɓar juna, har da 'yan layukan Sifaniyanci da Tanvi Shah ta rera, ga muryar Sukhwinder da ke fita kamar ta mai kira daga nesa a fili. Wannan faɗin shi ne abin da na fara rasawa.

Sai kalmomi. Nan na ajiye biro na yi tagumi. Ashe mai waƙar yana ba da labarin yadda ya riƙa rasa ransa kaɗan-kaɗan, yadda ya kwana yana rawa a kan garwashi, ya hure barci daga idonsa, ya ƙona yatsa wajen ƙirga taurari. Bayan duk wannan sai ya sake kiran da ya buɗe waƙar da shi, a zo ƙarƙashin rumfar biki, ƙarƙashin shuɗin sama mai ado kamar an yi masa aikin zare. "Jai ho" ɗin da muke ta ihu, addu'ar nasara ce, kamar a ce nasara ta tabbata. Wanda ya kalli fim ɗin ya san garwashin da Jamal ya taka. Idan amshin ya zo, na wanda ya sha wuya ne ya ga bayanta.

Ta Turanci ba ta ɗauko ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Budurwa ce ke gaya wa saurayi shi ne rabonta, jikinta na rawa idan ya matso. Babu garwashi, babu rumfa. An bar "jai ho" a matsayin ƙawa, kalmar baƙi mai daɗin faɗi. Ba na cewa mummuna ce. Muryar Nicole tana da ƙarfi, ta kuma kai kiɗan Rahman kunnen mutanen da ba za su taɓa neman waƙar Indiya ba. Amma sabuwar waƙa aka rubuta a kan tsohon kiɗa, kiranta fassara zalunci ne ga Gulzar.

Abin bai zo mini baƙo ba da na natsu. Mu ma mun daɗe muna yi. Mawaƙan fina-finan Hausa sun ɗora baitocinsu a kan karin Indiya, masu bandiri sun ɗauki karin waƙar soyayya sun mayar yabon Manzon Allah. Mai jin su ba ya tambayar me ta asali ta ce. Dalilin ma na gane shi da na gwada sa fassarar abokina a kan kiɗan: gaɓoɓin ba sa shiga. Ko dai ka riƙe ma'ana kari ya karye, ko ka riƙe kari ka nemo wata magana. Masu ta Turanci kari suka zaɓa.

Kuskurena na farko shi ne jin su a jere ba tsayawa, kiɗan yana rufe komai. Sai da na koma ina tsayar da kowace bayan baiti ɗaya, littafi a gabana, sannan bambancin ya fito fili.

Da safe na miƙa wa ƙanwata littafin. Ta karanta a tsaye, ta kai wajen ƙirga taurari ta sake maimaitawa. Ta ce, "Yaya, turo mini ta Indiyancin."