In za a gyara maku gida, ki fara nema wa keken ɗinkinki wuri

Ƙannena masu ɗinkin bargon haɗin ƙyalle, musamman ku da kuka fara kwanan nan kuna ta ɗora hotuna a waya, yau maganar gyaran gida zan yi maku. Yanzu a Katsina duk wanda Allah ya hore ma ɗan abu sai ya ɓamɓare simintin ƙasa ya sa tayil, ya cire tsohon silin ya yi POP, daga Ƙofar Ƙaura har Rahamawa da wuya ki wuce layi ba ki ga tulin yashi a ƙofar wani gida ba. Abu ne mai kyau, Allah ya ƙara buɗi. Amma ke mai sana'ar hannu gyaran nan zai iya cinye maki ɗinkin shekara guda cur ba ki ankara ba, ni dai ya cinye nawa.

Bargo kasuwarshi lokacin sanyi ce, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, da Fabrairu ta raba ba mai tambayarki bargo sai dai masu haɗa kayan ɗakin amarya. Kenan abin da za ki sayar a Disamba da damina ake ɗinka shi. Su kuma magidanta sun fi son a yi gyara da bazara kafin ruwa ya sauka, sai aiki ya yi ta ja, yau kuɗi sun yanke, gobe mai tayil ya tafi wani aikin ya kashe waya, ƙarshe ku koma gida tsakiyar damina, daidai lokacin da ya kamata a ce kina kan keke.

Da za a fara namu aikin na tattara komai, ƙyallaye da zare da almakashi har da allurar hannu, na cusa a kwalaye da gana-masgo na ɗaure, na ce ba zan taɓa ɗinki ba sai an gama komai na natsu. To gida ba ya gamuwa fa. An gama fenti saura labule, an sa labule saura ƙofar kicin, an sa ƙofa famfo ya fara ɗiga. Wannan "sai an gama" ɗin shi ya kashe ni. Da na bar jaka ɗaya a waje, almakashi da tef na awo da alli da kwalin da nake fitar da yanka da shi, da duk zaman da muka yi a ɗakin aro a gidan yayata ban yi shi a banza ba, don yanka ba ya buƙatar keke ba ya buƙatar wuta, kuma shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Ki lissafa da kanki. Katifa shida da shida faɗinta inci 72, in kina so bargo ya sauko gefe-gefe sai ya kai inci 90. In kina yanka murabba'i mai inci 5, kika bar kwatan inci kowane gefe na bakin ɗinki, abin da zai fito a fuska inci 4 da rabi ne, kenan guda 20 a tsaye guda 20 a kwance, ƙyalle 400 na bargo ɗaya. Wannan ko ana ta hira da yamma a tsakar gida kina iya rage shi, ki riƙa ɗaure su ashirin-ashirin da zare, ranar da keke ya samu wuri sai haɗi kawai.

Sai maganar da ta fi ƙona mani rai, wurin ɗinkin kanshi. Lokacin da maigida yake zagayawa da mai wayarin ana cewa a sa soket nan a sa ƙwai can, ni ina can ina zaɓen kalar fentin falo, ban ce uffan ba. Da muka dawo sai na ga ɗakin da zan riƙa aiki soket ɗaya ne, shi ma bayan inda wadirof ya zauna. An riga an binne waya an shafe an yi fenti, wa zai yarda a sake fasa bango? Haka na koma jan doguwar waya ta tsakar ɗaki, yara na tuntuɓe da ita. Ke tun ana zane-zane da gawayi a bango ki buɗe baki. Ki ce kina son soket biyu kusa da juna a tsayin tebur, ɗaya na dutsen guga ɗaya na keke in mai mota ne, don mai bargon haɗi guga take yi bayan kowane layi, ba sai ta gama ba. Ƙwan lantarki kuma fari za ki ce a sa maki, a saman inda hannunki yake ba tsakiyar ɗaki ba, in yana bayanki inuwarki ce za ta rufe allurar. Waɗannan fitilun ado masu ruwan ɗorawa da ake jerawa cikin POP suna da kyau a hoto, amma kar ki kuskura ki haɗa kala a ƙarƙashinsu, da dare za ki ga shuɗi biyu sun dace, gari ya waye ki ga ɗaya ya karkata kore. In akwai sola a gidan ki roƙa a haɗa wannan ƙwan da ita ko da shi kaɗai ne a ɗakin.

Taga ma ki duba ina ta kalla. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, tagar da ke wannan ɓarin ita ke shan ƙura, in nan kika kafa keke kullum da safe sai kin share. Ba cewa na yi ki guji taga ba, hasken rana ya fi kowace fitila, amma a sa mata raga da gilashin da ke rufuwa ruf, ki sa kafinta ko mai aluminiyam ya gwada a gabanki kafin a sallame shi.

Yanzu danshi. Wannan ki saurara da kyau don nan na yi asarar da har yau in na tuna sai na ja tsaki. Sabon shafe ruwa ne cike a cikinshi. Siminti ma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinshi, bushewar bango kuwa in da damina ne takan wuce haka, kuma mu nan ba ma jira, shafe ya ɗan yi fari sama-sama sai a bi shi da fenti saboda ana sauri a tare. Ido zai ga bango fes, amma ki ɗora tafin hannu da asuba za ki ji sanyinshi. Ni na jera kwalayena jikin bangon nan, a ƙasa, cikin Agusta ana marka, na rufe ɗaki da taga wai kar ƙura ta shiga. Da na tashi buɗewa, waɗanda ke manne da bango duk sun yi fumfuna, ɗigo-ɗigon baƙi a kan fararen yadin da na saya na shimfiɗar ƙasan bargo, wari kuwa ba a magana. Fumfuna in ta kama auduga wanki ba ya fitar da tabon duka. Kwali ɗaya kuma gara ta shige shi ta ƙasa, ta inda ba a cike bakin tayil da bango ba, kuma gara ba abin da take so irin kwali mai danshi. Atamfofin da na daɗe ina tarawa wurin teloli, irin tsofaffin zanen da yanzu ko Kantin Kwari kika je ba lallai ki samu ba, su ta fara ci.

Abin da za ki yi ba shi da tsada. Ki fitar da kaya daga kwali ki sa a robar nan mai murfi ko tsohuwar akwatin ƙarfe, ki ɗora a kan benci ko katako, ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango. Tagogi a buɗe da rana, fanka na juyawa in akwai wuta. Duk ranar da aka yi rana ki baza su a tsakar gida su sha iska. Kuma in an taɓa rufi, kar ki sa yadi a ɗakin sai an yi ruwa mai ƙarfi kin ɗaga kai kin duba silin, don yoyon sabon kwano sai ruwan farko yake tona kanshi.

Ƙurar POP ita ma wata masifa ce daban. Laushinta ya wuce na ƙurar hunturu, ana gogar silin ta shiga ko'ina, ku share yau gobe ta sake kwantawa. Kekena Butterfly ne na ƙafa, na rufe shi da zani kawai na tura lungu ina ganin ya tsira. Hodar nan ta shiga ta haɗu da man da ke ciki ta zama wani dunƙulallen abu, keke ya yi nauyi, zare na ta tsinkewa, ni kuma ina ta ƙara mai ina ƙara ɓata shi, sai da mai gyara ya kwance ya wanke. Cire kan keken za ki yi ki sa a babbar leda ki ɗaure baki, ko ki kai shi maƙwabta gaba ɗaya. Kin dawo da shi, ki buɗe farantin ƙarƙashin allura ki share haƙoran da tsohon buroshi kafin ki ɗiga mai, man keke fa ba man gyaɗa ba, sannan ki fara taka tsumma har man ya daina fitowa. Fentin mai da ake shafa wa ƙofofi da ƙarafan taga shi kuma warinshi yadi ke sha, a bar shi ya huce kafin ki shigo da kaya.

Ba duka ne sharri ba. Tayil ya zame mani alheri ta inda ban zata ba, don layukanshi a miƙe suke, in za ki haɗa hawa uku na bargo, shimfiɗar ƙasa da cikon tsakiya da fuskar, sai ki daidaita bakin yadi da layin tayil ki kama shi da salatif ɗin takarda da masu fenti suka bari, nan take za ki ga inda ya karkace. Sai dai ki wanke ƙasan sosai, farin simintin da ake cike tsakanin tayil da shi yana barin gari. Keken ƙafa yana zamewa a kai kuma ƙafafun ƙarfen na karce shi, ki yanko tsohon kafet ki sa a ƙasa. Fil in ya faɗi tsalle yake ya ɓace, ki ajiye maganaɗisu kusa saboda masu rarrafe.

Sai mutane. Kin koma gida 'yan ganin gida za su yi ta zuwa, dangin miji, 'yan Islamiyya, ƙawayen adashe, kowa Allah ya sa alheri, ke kuma ba ki son a ga zare a ƙasa, sai ki yi ta ɓoye keke kina fito da shi. A cikin masu zuwan nan ne wata Hajiya ta ce in yi wa 'yarta barguna na kayan ɗaki, ta ajiye kafin alƙalami, ni kuma kuɗi sun ƙare a labule na karɓa ban yi tunani ba. Lokaci ya matse, ga igiyar shanya an cire ba a mayar ba, sai na tsallake wankin farko na yanka atamfa yadda take. Kar ki taɓa yin haka. Auduga na tsukewa a wankin farko, ta roba ba ta tsukewa, in kin haɗa su ba wanki bargo zai tattare wuri-wuri. Ja da shuɗi mai duhu kuma suna zuba. Amarya ta wanke sau ɗaya jan ya bi farin, kunyar da na ji wurin Hajiya ba ta faɗuwa, sai da na sake wani da kuɗina. In kina shakkar yadi ki yanki ɗan ƙyalle ki kusanta shi da ashana, auduga toka take zama, roba narkewa take ta dunƙule. Na kala kuma ki jiƙa ki goga a farin tsumma ki gani.

Saurin nan ya sa na rage ɗinkin da ke kama hawa ukun ma, na yi layuka nesa-nesa don in gama. Ranar hawan Sallah in 'yan lifidi sun zo wucewa Ƙofar Soro, ƙofar gidan Sarkin Katsina, ki kalli kayan da ke jikin dawakin da kyau, cike suke dam amma an bi su da ɗinki kusa-kusa, shi ya sa doki ke sukuwa cikon bai tattaru wuri ɗaya ba. Mutanen da sun san wannan aikin tun kafin keke ya zo ƙasar nan. In auduga za ki sa, gurzajjiya shiɓaɓɓiya za ki nema, don angurya in ta rage a ciki tana fitar da mai ta yi tabo, kuma kar tazarar layi ta wuce faɗin yatsu huɗu. Audugar rimi ki bar wa filo. In sabuwar hannu ce ke tsohon bargo mai laushi ya fi maki sauƙi a tsakiya. Daga tsakiyar bargon za ki fara ki fita gefe, ki canja allura daga lamba 14 zuwa 16 in kauri ya yi yawa.

Oda kuwa, watan farko da komawa kar ki karɓi ko ɗaya mai rana a kanta. In an matsa maki ki ce bayan wata biyu, wadda ta yarda ta jira, wadda bikinta ya matso ki haɗa ta da wata 'yar uwar sana'ar, kuɗin kafin alƙalamin ma kar ki bari a ajiye maki su.