Talata, ranar asibitin Abba

Gari na wayewa muka fita, Umma ta zuba mana kunu marar sukari a filas. Layi kamar kullum. Sai wajen sha ɗaya aka kira mu.

Sakamakon bai yi daɗi ba. Awon aikin ƙoda da suke kira eGFR ya sauko 42, furotin kuma yana zuba a fitsari. Ashe kumfar da Abba ya daɗe yana gani ke nan. Likitar ta ce ya ci gaba da losartan ɗinsa na hawan jini, za ta ƙara masa dapagliflozin, ƙwaya ɗaya kullum. Don sukari aka fara yin sa, sai wani babban gwaji da aka fitar a 2020 ya nuna yana rage saurin lalacewar ƙoda, har ga marasa ciwon sukari. Hana ƙoda yake ta mayar da sukari cikin jini, sai ya bi fitsari ya fita, matsin da ke kan matatar ƙodar ya sassauta.

Abba ya kwashe da dariya. "Likita, da tururuwa muka gane ciwon sukarin nan, yanzu kuma ke za ki gayyato mana su?" Ita ma ta dara. Ta ce ya kula da tsarki sosai, ranar da amai ko gudawa suka kama shi kuma ya dakatar da shan sa. Ta ambaci wani maganin kare ƙoda, finerenone, da Amurka ta amince da shi a 2021, wanda sai ana bibiyar fotasiyam a jini, da allurar Ozempic ta mako-mako. Waɗannan sai aljihu ya yarda.

Har mun miƙe ta ce, "Baba, kuna shan maganin ciwon jiki?" Ya ce diclofenac ne kawai, saboda gwiwa. Ta ajiye biro. Daga yau a daina, in ji ta, irinsa da ibuprofen suna rage jinin da ke isa ƙoda.

Ni nake sayo masa. Shekara uku. Duk Juma'a in na taso aiki sai na tsaya kemis na karɓi kati biyu, ina jin daɗi na sauƙaƙa masa ruku'u da sujada. Ban taɓa tambayar kowa ba, mai kemis bai taɓa tambayata na wa ne ba.

A adaidaita na kasa magana har muka wuce Kofar Nassarawa. Ya lura. "Mamana, ciwon ya girmi ƙwayar nan da shekara goma. Kada ki ɗora wa kanki." Na ce to, Abba. Amma abin bai sauka ba.

Yaya ya kira, ya ce kuɗin wata uku na farko nasa ne. Auta ta ƙona miya. Awon jini kuma bayan mako biyu.

Na kwashe sauran katin daga ƙarƙashin matashinsa, na ajiye masa farasitamol. Isha'i a zaune ya yi ta.