Kafin a Ce Yaro Daƙiƙi Ne

Takardar da makaranta ke haɗo yaro da ita zuwa wurina kusan kullum magana ɗaya ce a cikinta: ba ya ganewa. Ta iyaye ta fi ciwo. Uba zai zauna ya ce, "Malama, wannan kansa ba ya ja, ko in cire shi ya kama sana'a?" Aikina a nan Gadarif, a Sudan, shi ne tantance yaran da karatu ke ba wa wuya, kuma babban abin da aikin ya koya mini shi ne "ba ya ganewa" ba cuta ɗaya ba ce. Matsaloli ne daban-daban masu kama da juna, kowace da nata magani.

Ma'aunin da aka fi sani shi ne gwajin Wechsler na yara, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1949, yanzu kuma ana yi wa 'yan shekara 6 zuwa 16. Ana tambayar yaro ma'anar kalmomi, a ba shi 'yan tubala masu ja da fari ya haɗa zane, a karanto lambobi ya maimaita gaba da baya. Matsakaicin maki 100 ne. Gwaji ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai mu da Larabci muke yin sa, yaronmu kuwa Hausa ya tashi da ita a gida, Larabcin Sudan ya tsinta a titi da kasuwa, ranar da ya shiga aji kuma ya tarar da Fusha, wato Larabcin littafi. Jim Cummins, masanin ilimin harsuna a Kanada, ya nuna cewa yaro kan iya hira da sabon harshe cikin kamar shekara 2, amma harshen littafi yakan ɗauke shi shekara 5 zuwa 7. Malami na jin yaro yana zuba Larabci a filin wasa, sai ya ɗauka harshe ba matsalarsa ba ce. Shi ya sa ba na yarda da makin kalmomi shi kaɗai. Nakan haɗa da gwajin Raven na 1938, zane-zane ne da ake neman guntun da ya ɓace, babu dogon bayani. In yaro ya yi fice a zane ya faɗi a kalmomi, harshe nake fara tuhuma kafin ƙwaƙwalwa.

An taɓa kawo mini wani yaro da jan biro ya cika littafin shiftarsa. Malamarsa ta ce ba ya bambanta fa'un da ƙafun, tana zargin disleksiya, wato matsalar da ke sa karatu da rubutu su yi wa yaro wuya ko da kansa na ja. Da na duba, sai na ga kuskuren nasa ba ya sauyawa: fa'un ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun ɗigo ɗaya a sama, ko'ina haka. Na ce, "Yaro, a ina ka fara karatu?" Ya ce a allo, wurin kakansa. To, ai rubutun Warshu ke nan, irin na Magariba da kakanninmu suka zo da shi daga yamma. A littafin makaranta fa'un ne ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙafun biyu. Yaron ya ƙware a wata ƙa'ida ne, ba wanda ya zauna ya nuna masa cewa nan wata ake bi. Haka ma sinun da sadun, ko zayun da zalun: bakin Bahaushe kan haɗe su, sai hannu ya bi baki.

Amma akwai ɗaya gefen, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Da zarar an san yaro Bahaushe ne, sai a jingina komai ga harshe, a ce a bar shi zai kamo. Mai disleksiya ta gaske ba ya kamowa da jira. Matsalarsa tana wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da haɗa su da baƙaƙe, kuma tana bin sa cikin kowane harshe. Don haka nakan ajiye Larabci mu koma Hausa. In ce wa yarinya, "Faɗi tabarma, amma ki cire 'ta' ɗin farko." In ƙirƙiro kalmar da ba ta da ma'ana in ce ta maimaita. In jera hotunan kaza, kofi, takalmi, in ga saurin da za ta kira sunayensu. Wata yarinya da ta haddace surori masu yawa, kowa na yaba kaifin kanta, a nan ta tsaya cak. Da kunne take hadda, kuma haddar ce ta rufe matsalar shekara da shekaru. Abin ya fito fili ne da ta kai ajin da littattafai suka daina sa wasali, aka bar ta da baƙaƙe tsirara.

Ido da kunne kuwa, ba na fara komai sai an duba su. Yaron da kunnensa ke zubar da ruwa tun yana ƙarami ba ya jin rabin abin da ake faɗa daga bayan aji.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara dagula lissafi. A watan Oktoban shekarar, UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disamba, jama'a suka kwararo Gadarif, azuzuwa da yawa suka koma masaukin 'yan gudun hijira. Ɗan shekara 10 da bai iya karatu ba a yau, wataƙila ba a taɓa koya masa ba ne, ko kuwa tsoro ne ya hana shi barci, balle natsuwa. Irin wannan ba na rubuta masa sunan wata matsala. Nakan nemi a koya masa baƙaƙe da sautukansu a tsanake na 'yan watanni, sannan mu sake zama mu ga inda ya kai.

Rahoton da nake rubutawa yanzu gajere ne, kuma da Hausa nake karanta wa iyaye shi. In uwa ta ce, "Malama, ana yi masa rubutun sha," nakan ce, "Hajiya, a ci gaba da addu'a, ga kuma abin da za a haɗa da shi." Nakan fara da abin da yaron ya iya, don sau da yawa ranar ce ta farko da suka ji wani ya yabe shi. Sannan in rubuta wa malamin aji abin da zai iya yi gobe da safe: ya dawo da shi layin gaba, ya sa masa wasali a abin da zai karanta, ya ƙara masa lokaci a jarrabawa, ya yi masa wasu tambayoyin da baki, kuma ya daina tsayar da shi karatu a gaban 'yan aji sai ya shirya.