Duban doki a zangon Kumasi

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe yana sana'ar goro a Kumasi, shi ne ya aiko mini da kuɗin mota domin in zo in duba masa dokin da yake son saya na hawan Sallah, saboda ya san a barga na tashi a Katsina. Na bi ta Legas, Kwatano da Lome, na shiga Ghana ta Aflao. Abin da ya tsaya mini a rai a wannan doguwar hanya shi ne wani jami'i a ɗaya daga cikin iyakokin, wanda ya karɓi fasfona da katin rigakafin shawara, ya tsayar da ni a rana ba tare da ya faɗi laifina ba, daga baya ya jefo mini takardun a ƙasa, alhali babu abin da ya rage a cikinsu.

A Aboabo na sauka, kuma karamcin mutanen zango ya wanke mini wannan ɓacin rai. Maƙwabtan Kawu suka yi ta aiko da koko da ƙosai da tuwon zafi, kowa yana cewa ɗan Alhaji ya zo daga gida. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙarancin dawaki a gari mai yawan Hausawa haka. A Katsina kusan kowace unguwa akwai turke, amma a nan sai an yi tambaya kafin a nuna maka gidan mai doki. Dalilin a fili yake: ƙasar kurmi ce mai damshi, kuma akwai tsando, ƙudan da ke sa wa dabba ciwon sammore. Tun zamanin da fatake ke kai dawaki Salaga suna sayen goro, daga arewa doki yake zuwa wannan ƙasa, kuma ba kowanne ke jure ta ba.

Kawu ya riga ya ƙallafa rai a kan wani kili, wato farin doki, da dillali ya nuna masa. Na roƙe shi mu je da sassafe, kafin lokacin da aka sa mana, domin doki a kan turkensa, jikinsa da sanyi, shi ne ke nuna gaskiyar lafiyarsa. Duk da haka mun tarar an riga an yi kilisa da shi, gumi yana bin wuyansa, kuma dokin da aka ɗumama yakan ɓoye ɗingishi. Kyau kam yana da shi, gezarsa ta sha gyara, an wanke shi fes. Na ɗaga leɓensa na ga dasashin ya yi fari maimakon ja-ja, haka ma cikin fatar idonsa, sannan na shafa ƙarƙashin cikinsa na ji kumburin da idan ka danna da yatsa gurbin yake zama. Ƙarancin jini da irin wannan kumburi suna cikin alamomin sammore, kuma a Kumasi su ya kamata mai saye ya fara dubawa kafin launi.

Dillalin ya ce shekarar dokin 5, amma haƙora ba su bi bayansa ba. Doki yana sake haƙoran gaba na tsakiya a wajen shekara 2 da rabi, na kusa da su a shekara 3 da rabi, na gefe a shekara 4 da rabi, bakinsa ya cika a shekara 5. Bayan haka baƙin ramin da ke kan haƙoran ƙasa yakan riƙa gogewa, har ya ɓace a wajen shekara 8. Na wannan kili sun goge sarai, sun yi tsawo, sun karkato gaba. Na sa yaron barga ya ja shi da ragama a kan ƙasa mai tauri yana sassarfa, sai na ga yana ɗaga kai duk lokacin da ƙafar gaba ta hagu ta taka ƙasa. Da na dafa kofaton na ji ya fi sauran zafi.

Na ce, "Kawu, wannan ba zai kai ka filin Idi ya dawo da kai cikin daɗi ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, don haka na kira ka." Dillalin bai ji daɗi ba, amma bai yi mana rashin kunya ba, har ya raka mu bakin hanya, abin da ban saba gani a kasuwar Mai'aduwa ba idan ciniki ya watse.

Na biyun a Asawase muka same shi, bikili ne, wato jan doki, marar ado, wanda mai shi ya ce ya yi damina biyu a hannunsa. Wannan ya fi mini komai, domin dokin da ya saba da ruwa da ciyawar wuri ya fi baƙon da aka sauke daga mota jiya. Dasashinsa ja, idonsa garau, kuma ya ƙifta da na kaɗa hannu ta kowane gefe. Ya bar ni na ɗaga ƙafafunsa huɗu bai yi harbi ba, kuma ƙasan kofaton babu ɗoyi ko laushin da laka ke jawowa. A bayansa akwai ɗan farin gashi, alamar tsohon mikin sirdi, amma da na danna wurin bai zabura ba. Na bar mai shi ya fara hawa, sannan na hau na yi sukuwa, na tsaya na saurari numfashinsa: babu tari, babu shaƙa, kuma hakinsa ya lafa da wuri. Na ba shi dusa ya ci bai zubar ba. Duk da haka ban yarda a biya ba sai da likitan dabbobi ya ɗebi jininsa ya auna.

Farashin kuwa ya ɗaga mini hankali. Abin da aka fara yankawa, idan aka juya sidi zuwa naira, ya isa mutum ya sayi ingarma a gida har ya haɗa masa sirdi da linzami. Mun yi ta tayi ana cewa albarka har bayan la'asar kafin a sallama, la'adar dillali kuma daban. Harawa ma a nan kayan marmari ce, tunda daga arewa ake kawo ta, don haka na ce wa Kawu ya lissafa abincin shekara tun yanzu, ya kuma ɗaga daɓen bargar domin ruwa kada ya kwanta a ƙarƙashin dokin.

A hanyar dawowa na kwana a Nima cikin Akara. An kai ni bakin teku a Labadi, inda ake hayar dawaki ga masu yawon shaƙatawa, na ga wani da ɗanyen miki a ƙarƙashin sirdi. Na ce wa yaron da ke jan sa ya hutar da shi har ya warke, ya amsa mini da Hausa cewa ba nasa ba ne, amma zai faɗa wa maigidansa. Washegari na kama hanyar Aflao.