Uwar allo mai araha da zafin Damagaram

Shekarata ta biyu ke nan ina koyon gyaran kwamfuta a wani shago kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram. Yawancin aikinmu sauya ekran ne da saka manhaja, sai bara wani saurayi daga unguwar Birni ya zo da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya ce kwamfutar wasa yake so a haɗa masa, wadda shi da ƴan fadarsu za su riƙa buga ƙwallo a kai. Maigidana ya dube ni ya ce, "Wannan naka ne, ɗana. Kai za ka zaɓi kayan."

Da na zauna lissafi, sai na ga kuɗin ba za su ishi komai da komai ba. Na zuba kaso mafi tsoka a katin hoto, GTX 1660 Super mai giga 6, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 5600. Abin da ya rage na ba uwar allo, wadda mu a nan muke kira kart mer. Har yau ina ganin wannan rabon daidai ne. Uwar allo ba ta ƙara wa wasa gudu. Ka ɗora furosesa ɗaya da katin hoto ɗaya a kan allo mai araha irin A520 ko a kan mai tsada irin X570, abin da idonka zai gani kusan ɗaya ne. Aikinta ta haɗa kayan, ta raba musu wuta, ta jure.

Na sa aka kawo mini uwar allo samfurin B450 ta hannu daga Kano. Gurbin furosesarta AM4 ne, irin na Ryzen 5 5600, don haka hankalina ya kwanta. Na jera komai, na danna maɓalli, fanka ta juya, ekran kuwa baƙi ƙirin. Na cire ram, wato sandunan da ke riƙe bayanai yayin aiki, na goge na mayar, na sauya waya, na sauya ekran, shiru. Saurayin yana zaune a kan benci yana kallona, zufa tana bin bayana.

Maigida ya ɗauki allon ya juya shi, ya ce, "Ka tambayi mai kayan wane BIOS ne a ciki?" Ban tambaya ba. BIOS ƙaramar manhaja ce a cikin allon, ita ke gane kayan ta tayar da kwamfuta. B450 ta fito a 2018, Ryzen 5 5600 kuma sai 2022. Gurbi ɗaya suke da shi, amma allon da ba a sabunta BIOS ɗinsa ba bai san wannan furosesar ba, ba zai tashi da ita ba. Akwai allunan da ke da ɗan maɓalli a baya, ka saka kile ta USB mai ɗauke da sabon BIOS ka danna, ta sabunta kanta ko babu furosesa. Tawa ba ta da shi. Kwana huɗu muka yi muna neman aron tsohuwar furosesa, har muka samu Ryzen 3 3200G a wurin wani abokin sana'a a Sabon Gari. Da muka zo sabuntawar ma sai da maigida ya jona ondiler, na'urar nan mai batir da ke riƙe wuta, domin in wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan aiki allon na iya mutuwa. Tun daga ranar ba na aika kuɗi sai an turo mini hoton ekran mai nuna lambar BIOS, na kuma duba jerin furosesocin da kamfanin ya ce allon yana karɓa.

Abu na biyu shi ya fi tsaya mini a rai, don shi ne namu na nan. A gefen gurbin furosesa akwai ƙananan kayan da ke sauke wuta daga volt 12 zuwa ɗan abin da furosesa ke sha, ana ce musu VRM. A allo mai kyau an rufe su da ƙarfen alminiyam mai shan zafi. A wanda na saya tsirara suke. Masu gwada kaya a Turai za su ce maka furosesa mai wat 65 irin tamu ba ta da damuwa da wannan, kuma a ɗakinsu mai sanyi gaskiya suka faɗa. Amma a watan Afirilu, cikin ɗakin kwano, zafi ya haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe hanyar iska, zance ya sha bamban. Saurayin ya dawo ya ce in sun yi awa guda suna wasa sai hoto ya fara sarƙewa. Na buɗe akwatin na kai yatsa kusa da wurin, ban iya taɓawa ba. Muka hure ƙurar, muka ɗaura fanka mai busa wurin kai tsaye, muka ƙara wata mai fitar da iska ta baya, sannan ta daidaita. Bambancin kuɗin da na ƙi biya tun farko bai kai wahalar da na ba shi ba, kuma abin ya dame ni, domin amana ya ba ni.

Sauran abubuwan dubawa ba su da wuya. Ram ta AM4 DDR4 ce, kuma sanda biyu masu giga 8 sun fi ɗaya mai giga 16. A tabbata akwai gurbin M.2, inda ake saka ma'ajiyar bayanai mai sauri. In katin hoton RX 6500 XT ne a nemi B550, don shi yana rasa ƙarfi a kan PCIe 3.0, tsohuwar hanyar haɗa katin hoto da allo. Fitilu masu launi kuwa ban taɓa ba kowa shawarar ya biya ko dala saboda su ba.

Makon jiya wata ɗalibar Jami'ar André Salifou ta zo da yayanta, suna son irin wannan haɗin. Yayan ya nuna mini wani allo a wayarsa ya ce, "Malam, wannan ya fi araha." Na buɗa hoton da yatsu biyu, na kai shi gefen gurbin furosesa, na nuna masa babu ƙarfe a wurin. Muka zaɓi B550 ƙarama mai ƙarfen da maɓallin BIOS a baya, muka rage kuɗin akwati. Maigida yana can yana dafa shayi, ya ɗago ya ce in rubuta musu rasit.