Tantin da ya kunyata ni a Shere, da wanda na goya zuwa Chappal Waddi

Tantina na farko a kasuwar gwanjo na saye shi, kuma dalilina bai wuce ɗaya ba: araha. Mai kayan ya zaro shi daga ƙarƙashin tarin jakunkuna, ya karkaɗe ƙura, ya ce, "Yallaɓai, wannan na Turai ne, ko ruwan malka ba ya ratsa shi." Na ɗan shinshina wani wari kamar na tsohuwar roba, cikinsa kuma yana ɗan danƙo a hannu, amma na ce ai wanki zai gyara. Na biya abin da bai kai kuɗin takalmi ɗaya ba, na tafi ina ganin na ci riba.

A duwatsun Shere, gabas da Jos, na fara kwana a cikinsa, cikin watan Disamba. Ƙololuwar wurin ta kai mita 1,829, kuma duk wanda ya san sanyin Jos a hunturu ya san ba wasa ba ne. Mu uku ne, kowa da jakar goyonsa. Tun a hawa na fara gane kuskurena, domin tantin ya fi kilo uku, ga ruwan sha, ga bargo, ga tukunya. Kafaɗata ta yi tsami kafin mu yi rabin hanya. Abokina da ke bayana yana ta tsokana, wai na ɗauko ɗakin amarya.

Da dare ya raba iska ta taso. Sandunan tantin na faiba ne, irin baƙaƙen nan masu zare a ciki, sai na ji ƙas! Ɗaya ta tsage daga tsakiya, gefen tantin ya rufto mini a fuska. Na lalubi tocila, na ɗaure wurin da igiyar takalmi, na koma na kwanta a takure. Asuba na yi na farka bargona jiƙe sharkaf, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Na ɗauka raɓa ce ta ratso. Ashe numfashina ne. Tantin mai rufi ɗaya ne, ba shi da kafar iska, don haka tururin da mutum ke fitarwa cikin dare yana taruwa a jikin yadin mai sanyi ya zama ruwa, ya gangaro kan mai barci. Danƙon nan da na raina kuwa, daga baya na fahimci shafen roba ne da ake yi wa yadi don hana ruwa shiga, wanda idan ya tsufa, musamman in an ajiye shi da danshi, yakan ruɓe ya yi wari ya riƙa ɓarewa. Wanki ba ya dawo da shi. Araha ba ta ado, in ji masu magana, ni kuwa nawa ko barci ba ta bari na yi ba.

Shekara na zagayowa muka ƙudura zuwa Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakar Taraba da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Tafiya ce ta kwanaki a ƙafa, babu gidan da za ka faɗa idan kayanka sun ci amanarka. Wannan karon kafin in je kasuwa sai na ari sikelin da mai ɗakina ke auna fulawa da shi, na riƙa ɗora kayana ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa a bayan takardar wuta. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Malam, wai hawan dutse za ka ko awon hatsi?" Amma a nan na yanke wa kaina iyaka: tanti kada ya wuce kilo biyu, da sanduna da turaku da jakarsa gaba ɗaya.

Wannan "gaba ɗaya" ɗin da gangan na faɗe shi. Masu sayarwa sukan rubuta nauyi iri biyu. Akwai ƙaramin adadi, wanda ba a lissafa turaku da igiyoyi da jaka a cikinsa ba, shi ake bugawa da manyan haruffa. Akwai kuma nauyin kunshin dukansa, wanda shi ne bayanka zai ɗauka. Tsakaninsu ana iya samun giram ɗari biyu ko uku. A ɗaki ba komai ba ne. A rana ta biyu kan gangare kuwa, kowane giram yana da bakin magana.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne lambobin nan da ake rubutawa da milimita, 1,500 ko 3,000 ko 4,000. Da na gane su sai na ga abu ne mai sauƙi. Ana gwada yadin ne da matsin ruwa, kamar a kafa bututu a kansa a yi ta zuba ruwa, tsawon da ruwan zai kai kafin ya fara ɗigowa ta ƙasa shi ne lambar. Rufin sama mai 1,500 yana tare ruwan sama na yau da kullum. Ƙasan tanti kuwa yana son fiye da haka, saboda idan ka durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, gwiwarka na matse ruwan ya ratso, shi ya sa na nemi 3,000 zuwa sama. Sai dai lamba ba ta da amfani idan ɗinkin a buɗe yake. Kowace hudar allura ƙofa ce. Tanti na kirki za ka juya cikinsa ka ga an bi kowane ɗinki da siririn tef mai sheƙi an manne shi. Yanzu ko a hannun wa na ga tanti, wurin da idona ke fara zuwa ke nan.

Kan yadi ban daɗe ina shawara ba. Nailon siriri ya fi sauƙin nauyi, amma yakan saki idan ya jiƙe, sai ka tashi ka ƙara ɗaure igiyoyi. Foliyesta ya ɗan fi nauyi, ya fi araha, ba ya saki haka, kuma ya fi jure zafin rana, wanda a ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne. Na ga tantuna masu nauyin da bai kai kilo ɗaya ba, ana kiran kuɗinsu da dala ɗaruruwa. Na rufe shafin. Wanda zai yi wata shida yana tafiya a ƙafa, wannan nasa ne. Ni da ke fita sau biyu ko uku a shekara, kashe albashin wata don rage rabin kilo wauta ce.

Daga ƙarshe na tsaya kan wani ƙirar China, na mutum biyu, mai rufi biyu: ciki raga kamar gidan sauro, waje yadin tare ruwa, da tazara tsakaninsu inda iska ke zagayawa. Sandunansa na alminiyam ne, wanda idan iska ta matsa masa yakan lanƙwashe, ba ya tsagewa kamar faiba. Nauyinsa a sikelin fulawa ya ɗan gaza kilo biyu. Kuɗinsa ya ninka na gwanjon sau da yawa, amma bai kai rabin na manyan kamfanoni ba. Na ɗauki na mutum biyu duk da ni kaɗai zan kwana, domin abin da suke kira na mutum ɗaya kabari ne da zif, ba inda za ka sa jaka, balle ka zauna ka sauya riga.

Kafin tafiya na kafa shi a tsakar gida har sau uku, na ƙarshe da dare ba fitila. Yara suka shige ciki, na sa babban ya riƙa watsa ruwa da bokiti. Wuri ɗaya kusa da ƙofa ya ɗan yi gumi, na shafa masa gam ɗin ɗinki. Turakun da suka zo da shi sirara ne, biyu suka lanƙwashe a ƙasar gidanmu, sai na ƙara huɗu masu kauri. Shimfiɗar da ake sawa a ƙarƙashin tanti kuwa ban saya ba, tsohon tampol na yanka daidai faɗin tantin, na rage shi kaɗan ta kowane gefe, don idan ya leƙo waje shi ne zai tara ruwan sama ya tura maka ƙarƙashi.

Mun hau tsaunin Mambila a mota, daga nan muka kama ƙafa tare da jami'in gandun daji da ya yi mana jagora. Dare na biyu muka yada zango a wani fili mai ciyawa, ba bishiyar da za ta tare iska. Jagoran ya dubi inda na nufa da ƙofar tantina ya girgiza kai. "Malam, juya masa baya ga iska, in ba haka ba cikin dare za ka bi shi da gudu har Kamaru." Na juya shi, na ɗaure duk igiyoyin gefe waɗanda a Shere ban ma san amfaninsu ba, na danne turakun da duwatsu.

Iskar ta zo kamar yadda ya faɗa. Ina kwance ina jin sandunan suna sunkuyawa suna miƙewa, yadin yana kaɗawa kamar tuta. Na jira ƙas ɗin nan, ban ji ba, har barci ya sace ni. Da asuba na miƙa hannu na taɓa rufin waje ta ciki, jiƙe yake da tururi kamar wancan karon, amma ruwan ya gangare ta gefe ya sauka a ciyawa, ragar da ke kaina a bushe, bargona a bushe. Na zuge zif na leƙa. Hazo ya cika kwarin da ke ƙasanmu, wani Bafulatani yana kora shanunsa can nesa, abokina kuma yana tsugune gaban nasa tantin yana matse safa. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Kai, nawa ka ce ka saye shi?"