Ɗanyen kashin kaji da abin da ya yi wa tumatirina

Komi huɗu na yi a bayan ɗaki, kowanne faɗinsa santimita 120, tsawonsa mita 3, tudunsa santimita 20. Biyu na tumatir, ɗaya na kuɓewa, na huɗun na raba shi tsakanin alayyafo da karas. Wurin yana samun rana awa 7, irin tumatirin ya tsiro cikin kwana 6, na rene shi sati 5 har ya yi ganye biyar-biyar. Duk wannan ya tafi daidai, babu abin faɗa a kai. Abin da ya dagula lambun buhu biyu ne na kashin kaji.

Kwana 10 kafin dashe na juye su a komayen tumatir, buhu guda a kowanne, na cakuɗa da ƙasar sama. Kashin ya bushe ƙayau, yana marmashewa a hannu, shi ya sa na ɗauka ya yi. Ashe bushewa daban, ruɓewa daban. Kashin da rana ta busar ɗanye ne, ruwa kawai yake jira ya fara aiki. Ya ma ba ni alama. Ban ruwan farko da na yi, zarni ya tashi har ido yana yaji, na ce ai ƙarfin taki ke nan.

Na dasa gindi 24 da yamma, layi biyu a kowane komi, tazarar santimita 50. Huɗun da suka rage na sa su a bokitai masu cin lita 20 da na huda gindinsu, cikin ƙasa da yashi da tsohon takin ganye, don kawai kada in zubar. Waɗannan huɗun ne daga baya suka tona asirin takin.

Kowa ya san dashe yana yaushi. Amma yaushin dashe na rana ne, kafin gari ya waye ganyen ya miƙe. Nawa rana ta uku ba su miƙe ba, kuma gefen ganyen ya yi ja kamar an gifta masa wuta. Na tuge guda na duba: saiwar ta koma ruwan ƙasa, babu fararen silin nan ko ɗaya. Abu biyu ne suka haɗu. Iskar amoniya da ɗanyen kashi ke fitarwa, wato mai zarnin nan, tana ƙone sabuwar saiwa kai tsaye. Sannan gishirin da ke cikinsa yana sa ruwan da ke cikin ƙasa ya fi na cikin saiwa kauri, sai ya zama ƙasa ce ke zuƙe ruwa daga shuka. Shuka tana tsaye a cikin danshi, ƙishirwa tana kashe ta. Ni kuwa da na ga yaushi sai na riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan sau uku a rana, wanda ba abin da ya yi sai ƙara narkar da gishirin a daidai inda saiwar take. Cikin sati guda gindi 10 suka tafi.

Abin da ya tsayar da mutuwar wanke ƙasar ne. Na kwashe duk kashin da ido ke gani a sama, na kwarara wa kowane komi kimanin lita 150 a hankali, yana nutsewa ina ƙarawa, bayan kwana 3 na sake. Wannan dabarar tana aiki ne idan komin yana da tudu kuma ƙasar tana tsane ruwa. A ƙasar laka mai riƙe ruwa, ruɓewar saiwa za ta ƙarasa abin da gishiri ya fara.

Sha huɗun da suka tsira sai suka yi wani irin tashi. Kara ya yi kaurin babban yatsa, ganye kore shar har yana duhu, na can sama yana nannaɗewa ƙasa. Duk wanda ya leƙo sai ya yaba, ni ma har na fara cewa takin ya biya bashinsa. Kallon kitse nake wa rogo. Naitirojin, sinadarin cikin taki mai sa ganye girma, idan ya yi yawa, tumatir yana zuba ƙarfinsa a ganye ya jinkirta fure, wanda ya fito ma ya kaɗe. Da farko na ɗora wa zafi laifin, don gaskiya ne idan rana ta wuce digiri 32 kuma dare bai sauko ƙasa da 21 ba, furen tumatir yana zuba. To amma ga na bokiti nan a gefe, iri ɗaya, rana ɗaya, iska ɗaya, siraran abinsu, kowanne ya ɗaura 'ya'ya sati biyu kafin na komi su ɗaura ko ɗaya.

Ganye mai taushi da yawan ruwa a jiki abincin ƙwari ne. Darɓa ta cika kan rassan, farin ƙuda ya tare a bayan ganye, in ka girgiza gindi ya tashi kamar toka. Shi farin ƙuda ba tsotson ne babbar ɓarnarsa ba, cutar murɗewar ganye da yake ɗauka ce. Gindi biyu suka kamu: sababbin ganye ƙanana, sun kife sama kamar cokali, gefensu rawaya, girma ya tsaya cak. Ba ta da magani. Na tuge su na ƙulle a leda na fitar. Sauran na rage musu cunkoso, na cire duk reshen da ke fitowa a tsakanin kara da ganye tun bai wuce tsawon yatsa ba, na kuma cire ganyen da ke ƙasa da furen farko, na ɗaure kowane gindi a sanda. Feshi kuma ƙaramin cokali biyu na sabulun ruwa marar turare a lita ɗaya, da yamma, a bayan ganye, duk kwana 5. Sabulu sai ya taɓa jikin ƙwaro yake kashe shi, saboda haka wanda ya fesa saman ganye kawai ya wanke ganye ne. A fara gwadawa a reshe ɗaya a kwana a gani, don wani sabulun shi ma yana ƙuna.

Na ɗauka an gama. Sai 'ya'yan farko suka kai girman ƙwai, na juya guda na ga gindinsa, inda fure ya faɗi, ya yi baƙi ya loɓa, ya bushe kamar fata. Na juya na biyu, haka. Kusan duk nonon farko, wato gungun 'ya'yan farko, da na biyu haka suka fito. Wannan ba cuta ba ce, feshi ba ya yi mata komai. Kalsiyam ne, sinadarin da saiwa ke ɗebowa daga ƙasa don ƙarfafa jikin shuka, bai isa ƙarshen ɗan tumatir ba lokacin da yake girma. Kalsiyam cikin ruwa yake tafiya, ruwa kuwa ganye ne ke jansa. Gindin da ya tara ganye kamar kurmi, ganyen ne zai shanye, ɗan ya samu saura. Ga kuma amoniyam, wani nau'in naitirojin na taki, yana gasa da kalsiyam a bakin saiwa, ga saiwar da ma ta taɓa ƙonewa. Wato dai buhun nan ne ya sake dawowa, wata biyu bayan na zuba shi. An ce mini in daka ɓawon ƙwai in barbaɗa, don yana da kalsiyam. Na barbaɗa, kuma har na tuge tumatirin ɓawon yana nan fari tas, bai narke ba.

Abin da ya yi aiki daidaita ruwa ne. Na tsinke duk masu baƙin gindi don kada shuka ta ci gaba da ciyar da su. Na koma lita 30 a kowace murabba'in mita a sati, na raba uku, da safe, a gindi ba a kan ganye ba, ranakun zafi in ƙara. Kafin in zuba sai in nutsa yatsa zuwa gaɓa ta biyu, in akwai danshi in bari. Na shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 6, na bar ɗan fili a kewayen kara. Daga nono na uku 'ya'yan suka fito lafiya. Amma a lissafi, gindi 12 da suka kai ƙarshe da ƙyar suka ninka abin da huɗun bokiti suka bayar.

Karas ma bai tsira ba. Kakkaɓin buhunan da na zuba masa ya sa ya yi ƙafa biyu, wani uku, jikinsa duk gashi. Akwai kuma abin da ya fi siffa muhimmanci. Ɗanyen kashi yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela da E. coli. Ƙa'idar noma marar sinadari ta Amurka ta ce tsakanin zuba ɗanyen taki da girbi a bar kwana 120 idan abin da za a ci yana taɓa ƙasa, kwana 90 idan ba ya taɓawa. Karas ɗina ya isa cira tun bai kai kwana 90 ba, don haka ko ɗaya ba a ci ɗanye ba. Alayyafo ne kaɗai ya ji daɗin abin, shi da ma mayen naitirojin ne, sati huɗu na fara yanka.

Kuɓewa da ba ta ga kashin ba ita ta fitar da ni kunya. Na jiƙa irin ya kwana, na shuka kai tsaye, wajen kwana 55 ta fara bayarwa. Sirrinta ɗaya: a tsinka duk bayan kwana biyu tana tsawon yatsa. In aka bar wasu suka ƙosa a jiki, sai ta rage fure.

Kashin kaji ban daina amfani da shi ba, taki ne mai kyau. Yanzu awo ɗaya nasa nake haɗawa da awo biyu na busasshen ganye ko ciyawa, hawa-hawa, tuli ya kai mita 1 a tsayi da faɗi, don ƙaramin tuli ba ya ɗaukar zafi. Danshinsa ya zama in an matse a hannu ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. Cikin kwana 3 tsakiyarsa za ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Ina juyawa duk sati, na waje ya koma ciki, har ya daina zafi, sannan in rufe in bar shi ya kwanta. Gaba ɗaya wata 3, in da hali 4.

Kuma ban ƙara yarda da ido ba. Sai in ɗebi tafi guda in jiƙa, in ƙulle a leda kwana 3. In na buɗe na ji ƙanshin ƙasa, ya yi. In zarni ne, a mayar. Sannan in shuka ƙwayar wake 10 a gwangwani mai rabin taki rabin ƙasa, wasu 10 a ƙasa zalla, in kwatanta bayan sati. Wanda ya ci jarrabawa bokiti ɗaya mai lita 10 nake sa wa kowace murabba'in mita, sati biyu kafin dashe.

Komayen nan biyu kabeji zan sa musu ya cinye ragowar naitirojin, tumatir da danginsa, tattasai da yalo, su koma inda kuɓewa ta tashi. Tulin farko ya ba ni wake 9 cikin 10. Na biyun jiya na kwance ledarsa, har yanzu da sauran zarni, na ƙara masa ganye na juya na rufe.